Littafin girkina ko shirin talabijin? Don Allah ku ba ni shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kaina ya ɗaure, ko barci ba na iya yi. Ni ma'aikaciya ce mai albashi, amma girki ne a zuciyata tun ina ƙarama. Wajen kakata na koya, Allah ya jiƙanta, ita kuwa ba ruwanta da awo, da ido take zuba komai. Bayan rasuwarta na fara rubuta abin da na tuna, ina aunawa da cokali da kofi, wanda bai fito ba in sake dafawa, wani ma sai na kira ƙanwar mahaifiyata ta tuna mini, ita kuma ta ce ba haka tsohuwa take yi ba, mu yi ta gardama. Littafin ya kai rabi. Ina kuma ɗora bidiyo a Instagram, ana kallo ba laifi. Yanzu wani gidan talabijin ya neme ni in riƙa gabatar da shirin girki duk mako. Babu biya a zangon farko, ni zan nemo mai ɗaukar nauyi, kuma ranar ɗauka ranar aiki ce. In ajiye aikin in karɓa, ko in ƙarasa littafin tukuna?

Anti Babba: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, littafi ne farko, wannan ba abin muhawara ba ne. Julia Child ta Amurka da abokan aikinta biyu sun kwashe kusan shekara goma suna gwada girke-girken Faransa. Kamfanin Houghton Mifflin ya ƙi buga littafinsu, ya ce abin ya yi yawa, sai Knopf ya buga a 1961, tana da shekara 49. Tallar littafin ce ta kai ta tashar WGBH a Boston, ta soya ƙwai a gaban kyamara, masu kallo suka nemi ƙari, shirinta ya fara a 1963. Nigella Lawson ta Ingila ma 'yar jarida ce, littafinta na farko ya fito a 1998, talabijin ya biyo baya. Mai littafi a hannu ita ke faɗin sharaɗi. Ke kuwa ana neman ki yi aiki kyauta, ki kuma nemo musu kuɗi.

Mai tambaya: Anti ai ba kyauta ba ne gaba ɗaya, sun ce za su riƙa sa sunan shafina a ƙasan allo.

Maman Biyu: Hmm, ni wannan magana ta tayar mini da tsohon ciwo. Na taɓa ba wata girkina guda uku don ta gwada, sai ganinsu na yi a shafinta, har da labarin ƙarya wai na mahaifiyarta ne. Da na yi magana aka ce hassada nake yi. Har yau muna haɗuwa a hidima tana gaishe ni kamar ba ta yi komai ba.

Abban Yara: Da girmamawa Anti, ban yarda ba. Jamie Oliver fa? Yana aiki a kicin ɗin River Cafe a Landan kyamara ta kama shi a 1997, BBC ta ba shi shiri a 1999, littafin ya yi kasuwa saboda an riga an san fuskarsa. Wa zai sayi littafin wadda bai sani ba alhali waya cike take da girki kyauta? Malama, ki karɓa. Dama ba ta jiran a shirya.

Anti Babba: Malam, shi ba a ce ya nemo mai ɗaukar nauyi ba. Kuma sunan da ya yi bai hana gidajen abincinsa na Birtaniya durƙushewa a 2019 ba, mutum kusan 1,000 suka rasa aiki. Ƙanwata, abin da ba ki faɗa ba shi ne mafi muhimmanci: kin ga yarjejeniya a rubuce? Bidiyon na wa ne bayan an watsa? Sunan shirin fa? In girkin kakarki ya shiga shirinsu, kina da damar sa shi a littafinki ba tare da izininsu ba? A dokar Amurka, alal misali, jerin kayan haɗi kaɗai ba shi da kariyar haƙƙin mallaka, bayaninki da hotunanki ne ke da ita. Ki kai takardar wurin lauya kafin ki sa hannu.

Mai tambaya: Ba mu kai ga takarda ba, amma wanda ya kira ni mutumin kirki ne, wata ƙawata ta san shi. Ba na so in fara da maganar lauya su ga kamar ban yarda da su ba.

Ummu Hanan: Ni tambayata ɗaya, me mutanen gidanku suka ce? Ni da na bar aiki don sana'a, waɗanda suka fi zuga ni su ne suka fara ɓacewa da kuɗi ya yanke. Ki nemi hutu a wurin aiki ki gwada zango ɗaya, kada ki ajiye.

Maman Biyu: Ni dai kada ki nuna wa kowa littafin nan, ko su ko mai bugawa.

Anti Babba: To ta yaya za a buga shi in ba a gani ba? Kuma dole wasu su dafa daga rubutun nata a kicin ɗinsu, don wutar kowa daban ce. Girkin da ya fito a hannunki kaɗai bai isa shiga littafi ba.

Mai tambaya: Na gode duka. Hutu ba zai samu ba, an riga an hana wata a ofishinmu. Maganar gida kuma ku bar ta tukuna. Sun ce in ba su amsa kafin Litinin. Akwai wanda ya san yadda ake rubuta takardar neman mai ɗaukar nauyi?