Sanyin hunturu da zafin bazara: wane iri ne ya jure a lambunku?

Mai lambu, Rigachikun

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa, ban da na ji an ce. Bara na dasa gwanda irin ta leda mai tsada, wadda ake shigowa da ita daga waje. Da damina ta yi kyau har mutane na tsayawa kallo. Da Janairu ya shigo girma ya tsaya cak, 'ya'yan da suka fito a lokacin duk a murɗe, masu tsagi-tsagi, ba mai saye. Afrilu kuma furen ya riƙa zubewa, ba ɗa ko ɗaya. Amma gwandar gida da ta fito da kanta a bakin magudanar ruwa ba ta fasa haihuwa ba. Shin iri ne, ko kulawa ce ta gaza?

Malamin gona mai ritaya, Samaru

Wa alaikumus salam. Malam, har da iri a ciki. Yawancin gwandar leda mata-maza ce, wato fure ɗaya ke ɗauke da namiji da mace. Wannan furen ba ya son sauyin yanayi. In dare ya yi sanyi, sassan namijin sai su manne a jikin ɗan, shi ne murɗewar da ka gani. In zafi ya haura digiri 35 kuma, sai ɓangaren macen ya ƙi nuna, furen ya koma kamar namiji ya faɗi. Gwanda mace zalla ba ta cika yin haka ba, shi ya sa ta bakin magudana ta tsira, ga kuma laima a gindinta kullum.

Mu a nan ƙanƙara ba ta kashe mana itace kamar yadda take yi a Amurka. Can sanyin 1894 zuwa 1895 ya ƙone gonakin lemo a Fulorida, shi ne ya sa masana suka fara haɗa lemon zaƙi da wani ɗan uwansa mai ganye uku ɗan ƙasar Sin, wanda ke jure ƙanƙara. 'Ya'yan da aka samu ba su ciwuwa don ɗaci, amma sun zama gindin da ake aura wa lemo har yau, wato a yanka a haɗa musu reshen lemo mai daɗi. Darasin da na ɗauka ke nan tun ina aiki: sau da yawa juriyar a gindi ake nemanta, daɗin kuma a reshe. Matsalarmu ita ce itace ɗaya ya sha daren Disamba mai digiri 12 ko 13, bayan wata uku ya sha ranar da ta kusa 40, kuma babu ruwan sama a tsakani.

Hajiya, Barnawa

Baba, Allah ya ƙara lafiya, ka warware mini abin da ya daɗe yana damuna. Ni ayaba ce. Gajerar nan da na dasa bayan kicin, in ta tashi haihuwa cikin sanyi sai nonon ya maƙale a wuya, ya kasa fitowa sosai. Wadda ta haihu da damina kuwa lafiya lau. Yanzu ina cire 'ya'yan gindi, in bar wanda na ga zai kai haihuwa bayan ruwa ya sauka. Na kuma kafa zana ta gefen arewa maso gabas, don iskar hunturu yayyaga ganyen take yi.

Ɗan kasuwar kayan marmari, Kawo

Hajiya gaskiyarki. Mu ma a kasuwa mun san ayabar sanyi, ɓawonta ba ya yin ruwan ɗorawa mai haske, sai ya dushe.

Mai gandun dashe, Kujama

Bari in yi magana a kan mangoro, don shi ne sana'ata. Kada kowa ya zagi hunturu a kan mangoro, sanyin daren nan shi ke sa shi huda. Shekarar da sanyi ya yi rauni, huda ma rauni take yi. Inda ake samun asara shi ne in sanyi mai tsanani ya faɗo daidai lokacin da huda ta buɗe: sai ka ga 'ya'ya sun ɗauru kamar da gaske, su kai girman goro su tsaya, in ka tsaga babu komai a ƙwallon. Sauran kuma zafin Maris ya kakkaɓe su.

Abin da nake yi shi ne, ina bin tsofaffin itatuwan mangoron gargajiya mai zare, waɗanda ke gefen hanya da tsofaffin makarantu, ba mai ba su ruwa amma ba sa fashin shekara. Ƙwallonsu nake shukawa. Ku lura, ƙwallo ɗaya yakan fito da tsiro uku ko huɗu, kuma yawancinsu uwar ce sak. Su Kent da Keitt na Fulorida tsiro ɗaya suke yi, kuma ba ya gadon uwa, don haka wanda ya shuka ƙwallonsu caca ya yi. Idan dashen gargajiyar ya kai kaurin fensir sai in yanka in aura masa reshen Julie ko Binta siga, in naɗe da leda. Na aure yakan fara haihuwa a shekara 3 zuwa 4, na ƙwallo sai ya kai 6 ko fiye. Kuma ina ɗaura tsumma a duk itacen da ya riƙe 'ya'yansa a shekarar da na maƙwabta suka zube, daga shi kaɗai nake yankar reshe.

Matashin manomi, Kafanchan

Kawu na Kujama, ina da tambaya a kan fiya. A nan kudanci muna da ita da yawa, wajen Kagoro ma kusan kowane gida. Na dasa irin da ake kira Hass saboda kasuwa, amma bazara tana ƙona mata ganye da ɓawon jiki, alhali ta gida ko a jikinta.

Malamin gona mai ritaya, Samaru

Ɗana, kafin kawunka ya amsa. Fiya gida uku ce: ta Meziko mai jure sanyi, ta Gwatemala a tsakiya, da ta ƙasashe masu zafi da laima, wadda yawancin tamu ta gida daga cikinta take. Hass daga tsatson na tudu take, wato ta Meziko da ta Gwatemala, a Kalifoniya aka same ta, don haka zafinmu baƙo ne a wurinta. Fuerte ma, wani irin fiya, sanyin 1913 ne ya fito da ita a can, da ta rayu sauran suka mutu. Ka aura Hass ɗin a kan ta gida, ka shafa wa gangar jikin farar ƙasa, ka yi mata rumfa shekara biyun farko.

Mai gandun dashe, Kujama

Haka ne Malam. Ka ƙara da ciyawa a gindi, amma kada ta taɓa jikin itacen saboda gara. Ban ruwa da yamma ko da asuba.

Mai lambu, Rigachikun

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Zan ajiye irin gwandar magudana in shuka layi guda kusa da ta leda, in ga wadda za ta kai Mayu da 'ya'ya. Wanda ya taɓa sayen dashe a tashar NIHORT, cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, da ke Bagauda, ko ya gwada gwaba da lemo a wajen Birnin Gwari, don Allah ya faɗa mana yadda suka yi da bazarar bana.