Tsutsa ko ƙwaro? Yaya za a rarraba dabbobi marasa ƙashin baya

Malamar Kwalej, Maradi:
Assalamu alaikum malamai. Ina son koyar da ɗalibai rukunan dabbobi marasa ƙashin baya da abin da suke gani a gida da gona, ba hoton littafi kaɗai ba. Matsalar ita ce a bakinmu duk mai rarrafe tsutsa ce, sauran kuma ƙwari. Da wace alama yaro zai raba su da idonsa?

Ɗan Tarna:
Wa alaikumus salam Malama. A fara da ƙidayar ƙafa, don rukuni mafi girma shi ne na masu gaɓoɓin ƙafa da ɓawo mai tauri a waje. Ɓawon ba ya girma, shi ya sa suke saɓa.

Ƙafa 6, jiki kashi uku, wato kai da ƙirji da ciki, da gashin ji guda biyu a ka: wannan shi ne ƙwaro na ainihi. Fara, gara, sauro, kudan zuma, kyankyaso, buzuzu, ƙwarƙwata. Kusan iri miliyan 1 aka rubuta sunansu. Ƙafa 8 ba gashin ji ba fiffike: gizo-gizo, kunama, kaska. Shanshani ƙafa biyu gare shi a kowace gaɓa, yana da sauri da dafi. Ƙadandoniya ƙafa huɗu a kusan kowace gaɓa, ba ta cizo, nannaɗewa take in an taɓa ta, amma tana ɓarnar gyaɗa tun tana tsiro. Ƙaguwa ƙafa 10 idan aka haɗa da almakashinta.

Wuri biyu ake faɗuwa. Ƴar kaska da ta fito daga ƙwai ƙafa 6 gare ta, sai ta yi saɓa ta cika 8. Na biyu kuma shi ya fi muhimmanci: murzunar da ke huda zangarniyar hatsi ba tsutsa ba ce a wannan lissafi, ƙwaro ce tana ƙuruciya. A juya ta a duba kusa da kai, za a ga ƙafafu 6 masu tsini. Na bayan masu laushi na riƙo ne kawai. Idan ta ƙoshi sai ta sauka ƙasa ta kwanta duk rani, damina ta faɗi ta fito da fiffike ta yi ƙwai a sabuwar zangarniya. Saboda ƙwaro ce aka samo mata abokin gaba, wani ƙaramin zanzaro da masu binciken INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, ke kiwo, a kai shi gonaki cikin ƙananan buhuna, ya yi ƙwai a jikinta ta mutu.

A nuna wa yara cikin fara kuma. Akwai ƙananan huji a jere gefe da gefe, ta nan take shaƙar iska. Dalilin da buhu mai ninki uku ke kashe ƙwarin wake ba magani ke nan: iska ta ƙare. Leda ta huje ko an yi sakaci wajen ɗauri, aiki ya ɓaci.

Mai Duba Dabbobi:
Malam ya gama da masu ƙafa, bari in ɗauki tsutsotsi, don nan ake asarar kuɗi. Kashi uku ne, kuma ba dangin juna ba ne.

Masu zobe-zobe: matsattsaku da tana. Ita tana, ta fatarta take numfashi, fatar ta bushe ta mutu, don haka a kawo ta aji cikin damshin ƙasa.

Masu jiki mulmulalle, sumul ba zobe, tsini gaba da baya: tsutsar ciki da kan kai santimita 35, da kurkunu, wanda aka tabbatar Nijar ta rabu da shi a 2013. Tace ruwa da ƙyalle ya yi aiki ne domin ƴaƴan kurkunu cikin wani ɗan mitsitsin dangin ƙaguwa suke zama, shi ƙyallen ke tarewa. Akwai na cikin ƙasa da ido ba ya gani, masu sa saiwar tumatir da kuɓewa ta yi ƙulli-ƙulli. Mai garka ya ga ganye na yaushi da rana alhali ya ba da ruwa, sai ya sayo maganin ƙwari ya fesa a ganye. Banza ne. A tuge a duba saiwa, a ƙone wadda ta kamu, a hutar da fangalin da hatsi ko dawa. Kada a rikita da ƙullin wake da gyaɗa mai amfani: shi a gefen saiwa yake manne, murza shi kaɗan ya ɓalle, cikinsa ja-ja. Na cuta kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura.

Masu jiki shafaffe kamar ganye ko zare mai faɗi: tsila da ake samu daga naman shanu da bai dahu ba, tsutsar hanta ta tumaki da shanu, da mai kawo tsargiya. Maganin Ivermectin na kashe mulmulallu da kaska, amma ba ya taɓa tsutsar hanta. Makiyayi ya yi allura, tunkiya na ci gaba da rama, haɓa ya kumbura, ya ce maganin jabu ne, alhali rukunin ne aka kuskure.

Ƴar Madarunfa:
Malama, kada a bar katantanwa, ita ce gadar da tsargiya da tsutsar hanta ke bi. Rukuninta jiki ne mai laushi ba gaɓa, yawanci cikin kwanso, da tsoka ɗaya da take jan jiki a kai. Ƙwan tsargiya na fita da fitsari, ya ƙyanƙyashe a ruwa, ya shiga ƙaramar katantanwar tafki ya hayayyafa, sannan ya fito ya huda fatar mai wanka. Ba sai an sha ruwan ba. Maganin Praziquantel na kashe ta a jiki, amma yaro ya koma tafkin nan zai sake kamuwa.

Roƙona ɗaya: kada a aiki ɗalibai su tsamo katantanwa a tafki ko kududdufin gulbi da hannu. Busasshen kwanso ya isa. In an samu wuri, wato kuɗin da, wajen tsofaffi a haɗa, shi ma kwanson katantanwar teku ne, daga tsibiran Maldib ake kawo shi lokacin da shi ne kuɗi. Na teku irin su soso da tauraron teku, hoto ya wadatar.

Ɗan Tarna:
Ƙarin bayani kan ajiya. Masu ɓawo a soke su da allura a ƙirji kan kwali su bushe, a sa kafur saboda tururuwa. Masu laushi, murzuna da tana da kaska, cikin kwalba mai alkol kashi 70 bisa ɗari. Ruwa zalla ruɓar da su yake. Kunama da shanshani babba ne zai kama, da abin matsewa. A rubuta wuri da rana da fensir a jefa cikin kwalbar, tawadar biro narkewa take a alkol.