Ko Har Yanzu Akwai Riba a Ƙara wa Furosesa Gudu?

Auta: Salamu alaikum yayyena. Na gama tara kuɗin kwamfutar tebur, da hannuna nake son in haɗa ta. Raina yana kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, Intel i5-13600K saboda in ɗaga gudunta sama da yadda kamfani ya saita. Amma jiya Injiniya ya ce min duk wanda ya sayi furosesa mai harafin K, wato wadda Intel suka bari a buɗe, don ya ƙara mata gudu a zamanin nan, kuma a garin Kano, zubar da kuɗi ya yi. Ku raba mana gardama.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Na faɗa, kuma ina nan a kan bakana. A 2011 i5-2500K tana zuwa da gudun 3.3 GHz, mutane su kai ta 4.5 da fanka kawai, ka ji bambancin tun daga kunna na'ura. Yanzu kamfanonin sun riga sun tatse saniyar kafin ta iso hannunka. Ita 13600K da kanta take hawa 5.1 GHz. Ka kwana bakwai a cikin BIOS, wato shafin saitin na'ura, ka samo ƙarin 200 ko 300 MHz, wanda idonka ba zai gani ba sai manhajar awo.

Alhaji Mai Shago: Injiniya, ka haɗa magana biyu wuri ɗaya. Ko ba a taɓa ta ba, 13600K ta fi 13400: ƙwayoyin aiki (cores) 14 ne da ita, waccan 10. Mai sayen K ba makullin ƙara gudu kaɗai yake saya ba.

Injiniya: Ranka ya daɗe, na yarda da wannan. To amma yaron cewa ya yi ɗaga gudu zai yi. Intel ba sa buɗe wannan ƙofar sai a kan madabod (babban allon da ake dasa furosesa a kai) mai harafin Z, irin Z690 ko Z790. A kan B760, gudun RAM, ma'ajiyar aiki ta wucin gadi, kawai zai iya taɓawa. Kuɗin da zai ƙara ya hau Z790, da na babbar na'urar sanyaya, gara ya zuba su a katin hoto (graphics card).

Malama: Ni abin da ya fi damuna ba kuɗin ba ne. Auta, a wane ɗaki za ka ajiye ta? Masu gwajin da kake kallo a Turai da Amurka a ɗaki mai sanyi suke aunawa. Mu nan a watan Afrilu zafi yana haura digiri 40. Fanka ko ruwa, babu wanda zai sanyaya furosesa ƙasa da iskar ɗakin da yake zuƙa. Ita kuma tana kaiwa digiri 100 sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone, wato abin da ka ƙara ta karɓe abinta. Ga ƙurar hunturu da ke toshe fankoki. Sannan 13600K tana iya jan wat 181 tun ba ka matsa mata ba. Idan an ɗauke wuta aka koma kan inbata, za ka ga yadda batir ke sauka. Ni a tawa rage ƙarfin wutar da ke shiga furosesa na yi, gudun bai canja ba, zafin ya sauka, ɗakin ya yi shiru.

Auta: Anti, ɗakin ba AC, fankar sama ce kawai.

Ɗan Sabon Gari: To ka ji. Ka dawo AMD mana. Furosesoshinsu na Ryzen a buɗe suke zuwa, kuma madabod mai B650 ta isa, ba sai mai tsada ba. In wasa ne burinka, 7800X3D da ta fito a 2023 tana da kash, wato ma'ajiya mai sauri a cikin furosesa, MB 96, tana gaba da manya a gem alhali ba ta cin wuta sosai. Kuma a 2024 AMD sun ce za su riƙe soket ɗin AM5, mazaunin furosesar a kan madabod, aƙalla har 2027. LGA1700 da 13600K ke zama a kai ta tsaya a ƙarni na 14.

Alhaji Mai Shago: Ɗana, ka faɗi daɗin ka bar ɗacin. AM5 ba ta karɓar RAM sai sabon samfurin DDR5. Ita 13600K akwai madabod ɗinta mai DDR4, in yana da tsohon RAM ya huta. Kuma ita 7800X3D ɗin ai ba a sakar maka ita yadda kake so ba, sai dai ka yi wasa da PBO, saitin AMD da ke barin furosesa ta ƙara gudu da kanta. Sai a 9800X3D ta ƙarshen 2024 suka buɗe ƙofar gaba ɗaya.

Ɗan Sabon Gari: Gaskiya ne Alhaji. Amma mu tuna 2024. Intel da bakinsu suka amsa cewa furosesoshin ƙarni na 13 da 14 suna neman wuta fiye da kima har su lalace a hankali. Suka fitar da gyara mai lamba 0x12B, suka ƙara garanti na shekara biyu. Wadda ta riga ta taɓu, gyaran ba ya dawo da ita. Wannan ce za a ƙara wa wuta? Kuma wa zai ɗauki furosesa daga Kano ya mayar don garanti?

Alhaji Mai Shago: An fi jin kukan a i9 da i7. Amma dai na yarda, kada ya sayi ta hannu a wannan layin, domin bai san wutar da ta sha a baya ba. Sabuwa a kwali, ya sabunta BIOS tun ranar farko.

Injiniya: Auta, har yanzu ba ka faɗa mana aikin da za ta yi ba.

Auta: Yaya, tace bidiyon biki da rana, gem da dare. Amma wallahi ina son in koyi taɓa BIOS ɗin nan, ko ba riba.

Malama: In koyo ne, nemi tsohuwar 2500K da madabod ɗinta mai Z68 ka yi ta gwaji a kanta. Wadda za ka ci abinci da ita kuwa, ka bar gudunta yadda ya zo.

Alhaji Mai Shago: Tunda bidiyo ne, ni ina nan kan 13600K saboda Quick Sync, sashenta mai hanzarta aikin bidiyo, kada dai ya ɗauki mai harafin KF, ba ta da shi. Ka zo shago gobe bayan La'asar mu auna akwatin kwamfutarka, mu ga wace na'urar sanyaya za ta shiga.