Kare bangaskiya ko bahasin bangaskiya? A zo mu tsayar da suna ɗaya

'Yan'uwa, salama. Ina so mu tsayar da suna ɗaya ga fannin nan da Turawa ke kira apologetics, wato ba da amsa mai dalili ga wanda ya tuhumi bangaskiyar Kirista ko ya yi tambaya a kanta. Ana koyar da shi a makarantun tauhidi, matasa na yin sa kullum a intanet, amma da an zo faɗa da Hausa sai kowa ya kama gabansa. Wani ya ce kare bangaskiya, wani ya ce kariyar addini, wani ya ce muhawara, mafi yawa kuma su jefa Turancin a tsakiyar magana su wuce. Ni ina da tawa, kuma zan faɗe ta tun yanzu don kada a ce ina kewaye-kewaye: bahasin bangaskiya. Wasu 'yan'uwa sun riga sun rubuto ra'ayinsu kan wannan suna da sauran sunaye, zan kuma amsa musu a ƙasa. Ga dalilaina, mai suka ya kawo.

Mu fara sallamar aro. Masu cewa a Hausantar da ita kawai, a ce afolojetik, su tuna cewa duk wanda ya ɗan taɓa boko zai ji ta kamar apology ta Turanci, wato neman afuwa, ya ɗauka Kirista ne ke ba da haƙuri don ya yi imani. Ga ta da nauyi a baki. A bar ta.

Asalin kalmar Helenanci ne, apologia, kuma kalmar kotu ce. Jawabin da wanda ake ƙara ke yi bayan mai ƙara ya gama nasa, shi ne apologia. Da aka gurfanar da masanin falsafa Sokratis a Atina a shekara ta 399 kafin haihuwar Almasihu, bisa zargin lalata tarbiyyar matasa da ƙin allolin gari, da wannan suna almajirinsa Aflatun ya rubuta jawabin da ya yi. A Sabon Alkawari kalmar ta fito sau 8, kuma ƙamshin kotun bai rabu da ita ba. A Ayyukan Manzanni 22:1 Bulus na tsaye a kan matakala, sojoji na riƙe da shi, taron da ke son kashe shi na ƙasa, ya ɗaga hannu ya ce su saurari apologia tasa. A 25:16 gwamna Festas ya gaya wa sarki Agaribas cewa Romawa ba sa miƙa mutum sai ya yi ido da ido da masu ƙararsa, an kuma ba shi damar apologia. A 2 Timoti 4:16 Bulus ya ce a zaman farko na shari'arsa ba wanda ya tsaya masa. Sai ayar da kowa ya haddace, 1 Bitrus 3:15, wadda ta fito da kalmar daga zauren alƙali ta kawo ta bakin hanya: ku zauna a shirye ku amsa wa duk wanda ya tambaye ku dalilin begen da ke cikinku, amma da tawali'u da girmamawa.

To wace kalma ce Bahaushe ke amfani da ita idan an kira mutum gaban alƙali ko gaban kwamiti, aka ce ya yi bayanin abin da ya sani, kuma a shirye yake a yi masa tambayoyi? Ya ba da bahasi. Kullum muna jin ta a labarai: an gayyaci minista ya ba da bahasi a gaban majalisa, shaida na biyu ya ba da bahasi. Ba ƙirƙirarta na yi ba, tana nan a bakin mutane. Wasu na rubuta ta ba'asi, duk ɗaya ne.

Yanzu ga babbar kishiyarta, kare bangaskiya, wadda ta riga ta ɗan zauna. Ban ce ƙarya ba ce. Bulus da kansa ya ce an sa shi ne domin tsaya wa bishara, a Filibiyawa 1:16, kuma kare ta dace da wurin. Matsalata da ita biyu ce.

Ta farko a rubuce take. Yawancinmu muna rubutu a waya ba tare da haruffa masu lanƙwasa ba, don haka kare da ƙare sun zama abu ɗaya a ido, ga kuma kare mai haushi. Ka sa sanarwa ka ce za a yi taron kare bangaskiya, mai karatu na iya karanta ta da ma'anar gama da ita. Ka gudu zuwa kariya, sai ka tarar harafi ɗaya ne tsakaninta da karya, wadda ita ma ke tsaye a madadin ƙarya a rubutun waya. Kariyar bangaskiya, karyar bangaskiya. Wanda ke neman abin ba'a ya samu kyauta. Bahasi ba ta da harafi mai lanƙwasa, ba ta da 'yar'uwar da za a rikita ta da ita.

Ta biyu ta fi muhimmanci. Kalmar kare na kawo hoton garkuwa, hoton wanda aka kawo wa hari. Idan ka ce wa saurayi mai jini a jika aikinsa shi ne kare addini, abin da zai ji shi ne akwai maƙiyi, kuma duk mai tambaya ya shiga sahun maƙiya. Daga nan ne ake samun masu zagin mutane a Facebook da sunan Almasihu, suna ganin lada suke tarawa. Rabin ayar Bitrus na biyu, tawali'u da girmamawa, ba ya samun wurin zama a cikin kare. Mai ba da bahasi kuwa ya san a gaban wani yake, ya san za a auna maganarsa, ya san in ya yi ƙarya ko ya yi tsiwa shi zai kwana a ciki.

A duba yadda Kiristocin farko suka yi aikin. Wajen shekara ta 155 Jastin, Kirista masanin falsafa wanda aka kashe a Roma kimanin shekara goma bayan haka, ya rubuta wa sarkin Roma Antoninus Piyus. Ana zargin Kiristoci da rashin yarda da alloli, ana kuma baza jita-jitar cewa a taronsu na ɓoye suna cin naman mutane suna lalata. Me ya yi? Ya buɗe ƙofa. Ya zayyana abin da ake yi ran Lahadi ɗaya bayan ɗaya: ana karanta rubuce-rubucen manzanni ko na annabawa, shugaba ya yi gargaɗi, a miƙe a yi addu'a, a kawo gurasa da ruwan inabi da ruwa, a tara baiko don marayu da gwauraye da 'yan kurkuku da baƙi. Wannan bahasi ne tsantsa, irin na mutumin da ke cewa ga abin da ya faru, ku bincika. Tatuliyan, marubuci Kirista na birnin Kartej a Arewacin Afirka, a shekara ta 197, kokensa shi ne ana hukunta Kirista saboda suna kawai ba tare da an saurare shi ba, alhali ko ɗan fashi ana ba shi damar magana. Shi ne ya yi wa Romawa ba'a cewa in kogin Taiba na Roma ya yi ambaliya, ko kogin Nilu ya ƙi cika, sai a ce a jefa Kiristoci ga zaki. Abin da yake roƙo a ba Kiristoci shi ne damar ba da bahasi.

Baba Rabaran, na ga abin da ka rubuto, cewa bahasi na warin ofishin 'yan sanda, kuma Kirista ba mai laifi ba ne. Ranka ya daɗe, gaskiya ne warin yana nan, amma ina ganin ribarmu ce. Ba mai laifi kaɗai ke ba da bahasi ba, shaida ma yana bayarwa, wanda aka zalunta ma yana bayarwa. Kuma Ubangiji da kansa, a Luka 12:11 da 21:14, da ya yi amfani da aikatau na kalmar apologia, maganar ranar da za a kai almajiransa gaban majami'u da mahukunta yake yi. In sunan ya tuna mana cewa an fara wannan aiki ne da sarƙa a hannu, bai yi mana ƙarya ba.

Sauran da aka kawo, a gurguje. Raddi na nufin rushe maganar wani, kuma fanni ne dabam, mai zuwa da zafi. Muhawara da muƙabala zama ne na rana ɗaya da alƙalai da 'yan kallo, alhali yawancin wannan aiki tsakanin mutum biyu ake yin sa, ba mai tafi. Kawo hanzari kuwa aikin wanda ya makara ne.

'Yar'uwa da ta ce ai muna da shaida, me ya kai mu neman wata: shaida ita ce ki faɗi abin da Allah ya yi miki, kuma ba mai iya musa miki. Bahasi na farawa ne inda aka ce, to mun ji, amma ta yaya kika san ba zuciyarki ce ta raya miki ba? Me ya sa za mu yarda da tashin matattu? A nan ne za ki koma 1 Korintiyawa 15, inda Bulus ya lissafo waɗanda suka ga Almasihu bayan tashinsa, har da mutum fiye da 500 a lokaci ɗaya, ya ƙara da cewa yawancinsu na da rai, wato mai shakka ya je ya tambaya.

Hujja ita ce na fi jin nauyin ajiyewa. Hujjojin bangaskiya na da daɗin faɗa. Sai dai hujja kayan aiki ce, ba aikin ba. A cikin bahasi ne ake kawo hujja, kamar yadda ake yi a kotu. Don haka mu riƙe ta a matsayinta: hujjar tsarin halitta, hujjar lamiri, hujjar farkon duniya.

Wannan ta ƙarshe ta kawo ni ga ɗan'uwan da ya ce bahasi Larabci ne, kalmar Musulmi ce. Malam, da Larabci muke cewa addu'a, da ibada, da bishara, da littafi, da Almasihu, da tauhidin da ke jikin sunan makarantar da ka yi. In za mu mayar da aro, wa'azin Lahadi ma ba zai yiwu ba, don wa'azi da Lahadi duk za su tafi. Kuma fannin kansa ya saba da aro. Hujjar nan da ke cewa duk abin da ya fara wanzuwa yana da sanadi, duniya kuma ta fara wanzuwa, wani Kirista na Iskandariya mai suna Yohanna Filoponus ya yi aiki a kanta a ƙarni na 6, malaman ilimin kalam, wato tauhidin Musulunci mai kafa hujja da hankali, suka ɗauka suka gyara, Al-Ghazali wanda ya rasu a 1111 ya fito da ita fili, sannan Kirista masanin falsafa William Lane Craig ya dawo da ita fagen falsafa a 1979 bai ma canza mata sunan kalam ba.

Wani hanzari ba gudu ba. Akwai reshen fannin da ke fuskantar tambayoyin wannan zamani, kuma na ga ana fassara shi da kare bangaskiya a cikin al'ada. Kada mu yi haka. Da ka ce al'ada, hankalin mai sauraro ya tafi kan bukukuwa da gadon kakanni. Abin da ake nufi shi ne iskar da mutane ke shaƙa ba su sani ba: abin da fim da waƙa da makaranta da waya ke koya musu game da mene ne mutum, na wa ne jikinsa, mene ne amfanin wahala. Ni zan ce bahasi kan tunanin zamani. Ba sabon abu ba ne. Da aka washe birnin Roma a 410, masu bin tsofaffin alloli suka ce watsi da alloli ne ya jawo, Agustin, wani bishop a Arewacin Afirka, ya shafe sama da shekara goma yana rubuta amsa, kuma bai tsaya ga wanke Kiristoci ba, ya tone abin da Roma kanta ke ƙauna, wato ɗaukaka da mulki.

Mu gwada kalmomin biyu a kan tambaya ta gaske. Tun 1978 da aka haifi jaririyar farko a duniya, a Ingila, ta hanyar haɗa ƙwan mace da maniyyi a ɗakin gwaji, wannan hanya ta bazu ko'ina. Ma'aurata masu bi sun jima ba haihuwa, sun bi hanyar, Allah ya ba su 'ya, amma akwai sauran ƙwayayen da aka riga aka haɗa suna ajiye cikin sanyi, asibiti kuma na tambaya a zubar ko a ci gaba da ajiya. Sun zo wurin fasto, matar na riƙe da takardar da aka ce su sa hannu. Wa zai kare bangaskiya daga gare shi a nan? Ba mahari a ɗakin. Abin da suke bukata shi ne a ba su bahasi: me ya sa muke cewa mutum a cikin surar Allah aka yi shi, me Zabura 139 ke nufi da saƙa mutum a cikin mahaifa, daga yaushe wannan daraja ke farawa. Kuma mai ba da bahasi na gaskiya zai faɗa musu cewa ikilisiyoyi ba su zama baki ɗaya ba: Katolika ta ƙi hanyar gaba ɗaya a wata takarda ta 1987, da yawa daga cikin sauran kuwa sun yarda bisa sharuɗɗa, musamman kan makomar ƙwayayen da suka rage. Mai kariya na jin tsoron faɗin haka, don yana ganin ya buɗe ɓaraka. Mai bahasi dole ya faɗa, don an rantsar da shi.

Haka abin yake ga dokar da ta ba likita damar kawo ƙarshen ran mara lafiya bisa roƙonsa, wadda ta fara aiki a Holan da Beljiyam a 2002, Kanada ta bi sahu a 2016. Haka ga ƙirƙirarriyar basira, tun da ChatGPT ta fito a ƙarshen 2022 yara suka fara tambaya ko na'urar da ke magana kamar mutum tana da rai. Yaron da ya yi wannan tambaya ba abokin gaba ba ne, kuma in aka tare shi da garkuwa, gobe na'urar zai tambaya.

Saura sunan mai aikin. Na gwada mabahasi, kunnena ya ƙi. Mai bahasi, masu bahasi, ya wadatar, kuma ya shiga jimla ba gargada: Jastin na cikin masu bahasi na farko, za a koyar da bahasin bangaskiya a zango na biyu, a kira wance ta ba da bahasi kan wahala da nagartar Allah. Kalmar kare na nan daram a matsayin aikatau inda harin gaske ne. Wanda ya gwada sabon sunan a aji ko a taron matasa ya ga ya ƙi shiga, ya kawo mana ainihin jimlar da ta ƙi, mu duba ta tare.