Sai yare ya haifi kansa kafin a ce ya balaga?

Aminu: Jama'a, ni ina nan kan bakana. Duk yaren kwamfutar da ba a rubuta kamfailarsa (manhajar da ke harhaɗa kod, ta mayar da shi abin da kwamfuta ke iya aiki da shi) da shi kansa ba, bai gama girma ba. Idan mai abinci ba ta cin girkinta, wa zai saya? Rust, da yaren OCaml aka fara rubuta kamfailarta, a 2011 ta soma harhaɗa kanta. Go ma da yaren C ta taso, a 2015 aka mayar da kamfailar Go zalla.

Zainab: Yaya Aminu, to TypeScript fa? Ta yi shekaru tana haifar kanta, sai ga shi a watan Maris na 2025 Anders Hejlsberg, jagoran masu gina ta, ya sanar cewa Microsoft na kwashe kamfailar zuwa Go, saurinta ya kusa ninkawa goma. Ta koma yarinya ke nan?

Aminu: Ƙanwata, wannan ai daban ne. TypeScript a kan JavaScript take tafiya, ba a gina ta don irin wannan aiki mai nauyi ba.

Zainab: Madalla, ka faɗa da bakinka. Ashe aikin ne ke zaɓar yare.

Malam Bashir: Ku bar ni in sa baki. Aminu, ribar da kake faɗa gaskiya ce. Mai rubuta kamfaila da yarensa shi ne farkon wanda ƙaya ke soka, don haka da wuri yake cire ta. Kuma wanda ya iya Go kaɗai zai iya gyara kamfailar Go ba sai ya koyi C ba. Amma ka manta kuɗin da aka biya. Da Go 1.5, wato ta 2015 ɗin, ta fito, masu ita da kansu suka ce lokacin harhaɗawa ya kusa ninkawa biyu. Kuma sai kana da Go 1.4 a hannu za ka gina ta.

Aminu: Ai daga baya sun gyara, Malam.

Malam Bashir: Saurin suka gyara, sarƙar tana nan. Na taɓa cewa sai na gina Rust daga tushe a tsohuwar kwamfutata. Abu na farko da ta yi, ta sauko da kamfailar da ta gabace ta, wadda ban ga yadda aka haɗa ta ba. Na bar ta tana aiki tun bayan isha'i, fanka na ihu, na ɗora kwamfutar kan murfin tukunya don kar katifa ta toshe mata iska. Wajen ƙarfe biyu aka ɗauke wuta, batir ya mutu. Da safe na zauna ina tunanin waccan ta farkon da na amince da ita ido rufe.

Zainab: Wannan ba shi ne abin da Ken Thompson, masanin kwamfuta, ya yi gargaɗi a kai ba?

Malam Bashir: Shi ne. A jawabinsa da aka buga a 1984 ya nuna za a iya dasa wa kamfaila mugun abu, ta riƙa zuba shi cikin duk wadda ta haifa, ko da an goge shi daga rubutun. Ka duba kod ɗin layi-layi, ba za ka ga komai ba.

Aminu: GCC, kamfailar C, ai sau uku take gina kanta, ta gwada ta biyu da ta uku, in sun bambanta ta tsaya.

Malam Bashir: Wannan gwajin, kuskure kawai yake kamawa. Uwar da ke da niyyar cuta, ta biyu da ta uku duk iri ɗaya za ta haifo.

Aminu: To ban janye ba, amma na rage murya. Zainab, kar ki yi dariya.

Zainab: Ai tun ɗazu na yi, Yaya.