"Sannu ba ta hana zuwa": yabo ne ko zambo?

Ɗan Zazzau: Salamu alaikum. Gardama ce ta kaure tsakanin malaman tarihi biyu a kan Fabiyus, janar ɗin tsohuwar Rum da ya yi ta jan ƙafa a yaƙinsa da Hanibal. Ɗaya ya kare shi da cewa sannu ba ta hana zuwa, ɗayan ya ce ƙarasa mana, "sai dai a daɗe ba a je ba". Suka rabu baran-baran. Yabon haƙuri ne ko zambo? Masana, bismillah.

Malamin Aji Shida: Wa alaikumus salam. Yabo ne. A shekara ta 217 kafin Miladiyya Hanibal na Kartej ya yi wa Rumawa kwanton ɓauna a bakin tafkin Tirasimeni, ya kashe kusan 15,000 har da jagoransu Filaminiyus. Sai aka ba Fabiyus wuƙa da nama na wata shida, shi kuwa ya ƙi yarda a gwabza. Yana bin Hanibal ta kan tuddai, inda dawakin Hanibal na Numidiya ba su da filin sukuwa. Duk ayarin da ya fita neman hatsi da ciyawa a far masa. Mutanen ƙauye su ƙone abin da ba za su iya ɗauka ba, su shige garuruwa masu ganuwa. Lissafinsa shi ne Hanibal na ciyar da dubban baki a ƙasar da ba tasa ba, kuma ba shi da tashar jirgin ruwa da gudummawa za ta iso masa. Rum da ƙawayenta kuwa, a ƙidayar shekarar 225, suna da maza masu ɗaukar makami fiye da 700,000.

'Yar Katsina: Malam, ka tsallake abin da ya faru a yankin Kamfaniya. A can Fabiyus ya tare mashigin dutse, ya zaci ya rufe Hanibal. Da dare Hanibal ya sa aka ɗaura wa shanu 2,000 ƙiraruwa a ƙaho, aka cinna wuta, aka kora su kan tudu. Masu gadi suka bi hasken, rundunar ta sulale ta mashigin, Fabiyus na cikin sansani ya ƙi fitowa. Wannan ai jiran gawon shanu ne.

Malamin Aji Shida: Hajiya, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Mataimakinsa Minusiyus ya yi ta kiransa matsoraci har aka raba musu runduna biyu. Ya afka wa Hanibal a Geruniyum, ya faɗa tarko, Fabiyus ɗin ne ya sauko ya cece shi. Shekara na zagayowa aka ce an gaji da sannu, aka tara sojoji kimanin 86,000 aka kai filin daga na Kannai. Hanibal, da kamar 50,000, ya sa tsakiyarsa ta riƙa ja da baya, Rumawa suka cunkusa ciki har hannu ba ya ɗaguwa, 'yan Afirka suka matse su ta gefe biyu, dawaki suka rufe baya. Wani marubucin zamanin da ya ce Rumawa kimanin 48,000 aka kashe a yini ɗaya.

Baban Gida: Allah ya jiƙan kakata, ita rabin ƙarshen kawai take faɗa. Tana da labarin wani manomi da birai suka addabi gonarsa. Maƙwabta suka ce a taru a yi musu kora ɗaya, ya ce a'a, shi sarkinsu yake so. Ya haƙa rami, ya rufe da karmami, ya hau kan suri ya zauna. Gero ya fid da kai, birai na ci, yana kallo. Matarsa ta kawo fura ta ce malam, gonar fa? Ya ce sannu ba ta hana zuwa. Ranar da sarkin birai ya faɗa ramin, ko zangarniya ɗaya ba ta rage ba. Ya saɓo shi a kafaɗa ya shigo gari ana masa guɗa, matar ta tare shi a ƙofa ta ce to, a daka shi ko a surfa?

'Yar Katsina: Matar nan ita ce manoman Kamfaniya da aka ƙone wa gonakin inabi. Hanibal ma da gangan ya bar gonar Fabiyus ba a taɓa ba, don a ce bakinsu ɗaya.

Na Bakin Tasha: Ni dai na san wani mai girma da ya aza harsashin gadar nan tun yaran da ke jami'a yanzu suna goye. Ashe Fabiyus yake kwaikwayo.

Baban Gida: Kar ka ci zarafin Fabiyus. Shi gonarsa ya sayar ya fanshi fursunoni da majalisa ta ƙi biya.

Na Bakin Tasha: To namu gonar majalisar yake sayarwa.

Malamin Aji Shida: Jama'a, a dawo. Da kewaye da yunwa Rumawa suka ƙwato birnin Kafuwa a 211, ko da Hanibal ya matso kusa da ganuwar Rum ba su ɗage ba.

'Yar Katsina: Amma wa ya gama yaƙin? Sifiyo ne, wani janar ɗin Rum, da ya tsallaka Afirka a 204, Fabiyus na majalisa yana cewa kada a je. Fabiyus ya rasu a 203, yaƙin Zama kuwa, inda aka ci Hanibal, a 202 aka yi. Rum ta je, shi bai je ba.

Ɗan Zazzau: To wanne zan kai wa malaman?

Na Bakin Tasha: Ka fara tambayo Baban Gida, birin nan a ƙarshe dakawa aka yi ko surfe?