Shawarar makaɗan Maradi kan kare kunne wajen gwajin kiɗa

Makaɗa sun tattauna a Maradi kan ƙarar ɗakin gwaji. Kowa ya yarda auduga ba ta tare ƙara sosai. Abin toshe kunne na soso yana da araha, yana kuma karewa, sai dai yana dushe sauti har mai kaɗa jita ya kasa jin kansa. An fi yabon irin na makaɗa, mai rage ƙara ba tare da ɓata kiɗa ba. Ni ma shi zan zaɓa duk da tsadarsa. Wani mai haɗa sauti ya ce ƙara mai desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 85, awa 8 a rana ce iyakar jin ta lafiya, ganguna kuwa sukan wuce 100. A nisanci bakin lasifika, in kunne ya riƙa ƙara bayan gwaji a ga likita.